Dasashi na janyewa tun da ƙuruciya: kurakuran da na gaji da gani

Shekaranjiya da safe na tarar da autanmu a bakin famfo yana dirzar haƙora kamar mai kankare gindin tukunya, kumfar da ya tofar duk ta yi ja. Na ce kai Auta me kake yi haka? Ya ce "Yaya ai mataccen jini ne ke fita." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin maganar da ni ma na riƙa yi ke nan ina ɗan shekara 24, kuma yau fiƙoƙina biyu na sama sun fi sauran haƙoran tsawo, ruwan sanyi kuwa sai na kauce da shi gefe ɗaya kafin in iya haɗiyewa.

Abin da ba a faɗa mana da wuri shi ne dasashi in ya janye ba ya dawowa da kansa. Babu makilin, babu garin magani, babu jiƙon da zai sa ya sake tsirowa. Saman haƙori yana da ɓawo mai tauri, shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, amma saiwar da dasashi ke rufewa ba ta da wannan ɓawon, shi ya sa da ta fito fili sai ka fara jin zirrr in ka sha sanyi ko zaƙi, kuma ta fi saurin ruɓewa da cinyewa.

Kuskuren da ya ci ni shi ne burushi mai tauri da dirza da ƙarfi. Ni a lokacin in na je shago sai na taɓa gashin burushi da yatsa, wanda ya fi tauri shi nake ɗauka, a ganina mai laushin na yara ne, sannan in kama shi da dunƙulen hannu in yi ta kai da kawowa a kwance, hagu dama hagu dama, cikin wata guda gashin ya baje kamar tsohuwar tsintsiya ni kuma ina ganin tsafta ce. Kan haka na ƙara da gawayi, wata rana gishiri, wata rana har da lemun tsami saboda wani ya ce yana sa haƙori fari. Ranar da na je asibiti likitan ya leƙa bakina kawai ya ce "Malam da hannun dama kake goge baki ko?" Na ce eh. Ya ce ga shi nan, ɓangaren hagu ya fi cinyewa, ya ba ni madubi ya nuna min wani rami da burushi ya sassaƙa a wuyan haƙorin, farce na shiga ciki. Ranar ban iya cin abincin dare ba don takaici.

Dattin da ake son cirewa kullum laushi ne da shi, kamar kunu ya kwana a jikin kwano, ba ya bukatar ƙarfi. Yanzu burushin da aka rubuta Soft a kwalinsa kawai nake saye, ina riƙe shi da yatsu uku kamar biro don kada hannuna ya samu damar dannawa, in karkata gashin wajen bakin dasashi, in riƙa ɗan jujjuyawa a hankali ina sharo shi zuwa kan haƙori. Minti 2, safe da dare, in canza burushi duk wata 3. Gawayi da toka da lemun tsami kuwa na yi musu sallama har abada, dan Allah masu tallar garin farin haƙori a TikTok ku ji tsoron Allah, yara kuke sa wa suna kankare bakinsu.

Na biyun ya fi ba ni haushi don har masu ilimi na faɗawa ciki: tsoron wankin haƙori a asibiti. Wai in an wanke sai haƙora su yi sako-sako, wai ana buɗe wushirya. Haba jama'a! Ni ma wata biyar na yi ina kakkaucewa bayan an rubuta min, saboda wani abokina ya rantse min cewa haƙorin yayarsa ya fara girgiza bayan wanki. Abin da ke faruwa shi ne dattin nan in ya kwana biyu ba a cire ba yana daskarewa ya zama kamar siminti, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa, sa harshenka ka ji. Burushi ba ya iya cire shi. Shi ke sa dasashi kumburi da jini da warin baki, in aka bar shi ya riƙa gangarawa ƙasa yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. To ranar da aka kankare shi sai ɓarnar da ya riga ya yi ta fito fili, mutum ya ɗora wa wankin laifi. Gibin yana nan tun da, dattin ne ya toshe shi. Ni yanzu duk wata 6 nake zuwa, kuma kuɗin wankin bai kai na cire haƙori ɗaya a saka na roba ba.

Su kuma masu ganin jini su daina goge wajen gaba ɗaya, kun juya abin ne. Dasashi mai lafiya ba ya jini. Ku ci gaba da gogewa a hankali, in an yi mako biyu bai tsaya ba ku je a duba.

Asuwaki sunna ne kuma yana da amfani, ni ma ina yi, amma a tauna kansa ya yi laushi sosai, a jiƙa shi in ya bushe, kada a wuni da shi a baki ana gurzar waje ɗaya daga azahar har magariba.

Sakace da tsinken tsintsiya, ashana, allura ko bakin katin waya, a daina. Zaren sakace, wato siririn zaren nan da ake kira dental floss, shi ake sawa tsakanin haƙora, ni da daddare nake yi kafin burushi.

Sigari da shisha suna matse jijiyoyin jini, sai dasashi ya riƙa lalacewa ba tare da jinin da zai ankarar da kai ba. Wayar haƙori ta ado da 'yan mata ke sawa a shagon kwalliya ba likita ba, wannan tana iya tura haƙori ya fita daga mazauninsa. Zuwa kemis a haɗo Flagyl da Ampiclox duk sanda baki ya kumbura yana kwantar da abin na kwana kaɗan ne kawai, tushen yana nan. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake. In kana da ciwon suga ko kina da juna biyu, a faɗa wa likita, dasashi ya fi saurin kumbura. Wanda kuma ake ce masa yana cizon haƙora cikin barci, shi ma ya ambata.

Ga wanda nasa ya riga ya janye kamar nawa, makilin irin su Sensodyne yana rage zogin bayan an yi makonni ana amfani da shi, ni bayan na goge tofarwa kawai nake ba na kuskure baki da ruwa. Ramin wuyan haƙori ana cike shi. Akwai kuma aikin da ake yanko 'yar tsoka daga ganɗa a dasa a wajen, sai dai ba kowane janyewa ne yake karɓar hakan ba, ƙwararren likitan dasashi ne zai faɗa maka.

Auta dai na ƙwace burushinsa na jefa a bola, na ba shi sabo cikin nawa, ranar Litinin kuma tare za mu tafi asibiti don na ga layin haƙoransa na ƙasa ya fara yin ruwan ɗorawa.