Yadda ake gwada wasan burauza a tantance ingancinsa

Wasannin burauza su ne waɗanda ake buɗewa kai tsaye a cikin Chrome ko Firefox ko Safari a fara wasa nan take, ba tare da an sauke wata manhaja an girka ta a kan na'ura ba. Yawancinsu gajeru ne, kuma sun yi yawan da ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne mutum ya iya gwada wasa cikin 'yan mintuna ya gane ko an gina shi ne domin nishaɗin mai wasa, ko kuwa domin a tsare shi a gaban talla.

Da farko ka tabbata burauzarka sabuwa ce. Shekaru da dama waɗannan wasanni sun dogara ne da Adobe Flash Player, wata ƙarin manhaja da ke kunna wasanni da bidiyo a cikin burauza, amma kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ranar 31 ga Disamba, 2020, sannan ya toshe aikinsa daga 12 ga Janairu, 2021. Wasannin yanzu da HTML5 da JavaScript, wato fasahohin gina shafukan intanet, ake gina su, masu zane mai nauyi kuma suna amfani da fasahar zane ta WebGL, kuma duk waɗannan suna cikin burauza tun asali. Don haka duk shafin da ya ce sai ka sauke Flash ko wani ƙarin fayil kafin wasa ya buɗe, ka rufe shi ba tare da jinkiri ba, domin ta irin wannan ƙofa ake shigar da miyagun manhajoji. Mai sha'awar tsofaffin wasannin Flash yana iya samun su ta hanyar Ruffle, wadda ke kunna su a cikin burauza ba tare da tsohuwar manhajar ba.

Sai ka zaɓi inda za ka yi wasan. Shafuka irin su Poki da CrazyGames da Kongregate da Newgrounds sun tara wasanni masu yawa a wuri ɗaya, shi kuwa itch.io, wanda aka buɗe a 2013, ya fi karkata ga ƙananan masu ƙirƙira da ke fitar da ayyukansu da kansu. Ka duba adireshin shafin da kyau, domin shahararrun wasanni suna da kwafe-kwafe masu kama da na asali.

Mataki na uku shi ne wasan farko, kuma a nan ne ya kamata ka fi natsuwa. Ka lura da tsawon lokacin da wasan ya ɗauka kafin ya buɗe, sannan ka fara ba tare da neman bayani a wani wuri ba, domin wasa mai sauƙi da aka tsara da kyau shi da kansa yake koya wa mutum dokokinsa. Misali mai kyau shi ne 2048, wanda Gabriele Cirulli ɗan ƙasar Italiya ya fitar a 2014: gidaje goma sha shida ne, maɓallan kibiya huɗu, kuma da zarar lamba biyu masu kama da juna sun haɗu sun zama ɗaya mai ninki, an gama fahimtar doka. Haka wasan dabbar nan mai tsalle da Chrome ke nunawa idan intanet ta yanke, da maɓalli ɗaya ake fara shi. Bayan fahimtar doka, ka gwada saurin amsawa: idan ka danna maɓalli ko ka taɓa allo, abin da ka umarta ya faru nan take ne, ko sai an ɗan yi jinkiri? Kyawun zane ba ya rufe wannan aibi, kuma a ganina shi ne abin da ya fi raba wasan da aka yi wa aiki da wanda aka haɗa cikin gaggawa.

Daga nan ka nemo aikin da wasan ke sa ka maimaita, domin kowane wasa irin wannan yana da abu guda da ake yi sau da yawa, ko tsalle, ko jera launuka, ko kauce wa abokin gaba. Ka bari a cinye ka sau biyu ko uku, kuma kowane karo ka tambayi kanka dalilin faɗuwar. Idan ka ga kuskurenka a fili har kana jin za ka gyara a karo na gaba, wasan yana da adalci. Idan kuwa wahalar ta taso kwatsam a daidai lokacin da aka miƙo maka tayin kallon talla ko biyan kuɗi domin ci gaba, to da gangan aka dasa ta. A wasannin da mutane da yawa ke haɗuwa a fili ɗaya, irin su Agar.io na 2015 da Slither.io na 2016, ka yi hattara kada ka ɗora wa wasa laifin da na layin intanet ɗinka ne. Ka sake gwadawa a lokacin da layin ya daidaita kafin ka yanke hukunci.

Talla a kan kanta ba laifi ba ce, tunda da ita masu wasannin kyauta ke biyan ɗawainiyarsu. Abin aunawa shi ne inda aka sa ta. Wadda ta zo tsakanin mataki da mataki, ko wadda kai ka zaɓi kallonta domin samun wata lada, ana iya haƙuri da ita. Wadda ta katse wasa a tsakiya, ko ta ɓoye alamar rufewa, ko ta buɗe wani shafi dabam, alama ce ta rashin mutunta mai wasa. Kada ka ba shafin wasa izinin turo maka sanarwa, kuma kada ka ba da lambar waya ko adireshin imel domin wasan da ba ya buƙatarsu. Yana da kyau a tuna da Wordle, wasan cankar kalma wanda Josh Wardle ya fitar a 2021 kuma jaridar New York Times ta saya a Janairun 2022: kalma ɗaya a rana, damar gwaji shida, daga nan ya sallame ka sai gobe, kuma hakan bai hana shi karɓuwa a duniya ba.

Ka kuma saurari na'urarka. Idan ƙaramin wasa ya sa waya ta yi zafi ko batir ya zube da sauri, akwai abin dubawa, domin an taɓa samun shafukan da ke amfani da na'urorin masu ziyartarsu a ɓoye wajen haƙar kuɗin intanet na kirifto, musamman ta manhajar Coinhive, wadda aka rufe a 2019. A kwamfuta mai Windows, danna Shift da Esc a cikin Chrome yana nuna ƙarfin da kowane shafi ke ci. Sannan ka gwada ajiya: rufe shafin ka sake buɗewa ka ga ko ya riƙe matakin da ka kai. Wasanni da yawa a cikin burauzar suke adana makinka, don haka share bayanan burauza yana goge shi, kuma abin da ka buga a tagar sirri (Incognito) yana ɓacewa da zarar ka rufe ta.

Idan yaro ne zai yi wasan, ka duba ko akwai wurin hira da baƙi, da irin tallan da ke fitowa a gefe, domin sau da yawa wasan yana dacewa da yara amma tallan bai dace ba.

A ƙarshe ka rubuta hukuncinka a taƙaice, kana faɗin na'ura da burauzar da ka yi amfani da su, domin wasan da ke tafiya sumul da linzamin kwamfuta yana iya zama da wuyar sarrafawa a allon waya. Kada ka ba shi maki a zaman farko. Ka bar shi ya kwana, ka dawo washegari ka sake buga matakan farko, sannan ka rubuta ko dokokin sun ci gaba da ba ka sabon abin tunani ko kuwa maimaici ne kawai ya rage.