Darasi na 7: Tsohuwar Kwamfutar Baffa da Intanet Mai Sauri

A gidaje da yawa a Kano akwai tsohuwar kwamfuta lulluɓe da zane, ta wani dattijo da ya yi aikin ofis ko koyarwa har ya yi ritaya. 'Ya'ya da jikoki sun yi nisa, wasu a Abuja, wasu a Saudiyya. Dattijo yana son ya riƙa ganinsu, ya saurari tafsiri, ya karanta labarai da manyan baƙaƙe, domin rubutun waya ya yi wa idonsa ƙanƙanta. Sai a ce a sa masa intanet mai sauri. To, tsohuwar za ta iya ɗauka kuwa?

Intanet mai sauri ba ya ƙona kwamfuta, ba ya lalata ta. Tsohuwar mota in ta hau titin Zariya, faɗin titin ba zai cuce ta ba, amma gudun da injinta zai iya shi za ta yi. Saboda haka abin dubawa yana jikin kwamfutar. Kafin a taɓa ta, a fara da mai ita.

"Baffa, me kuke so ku riƙa yi da ita?"

"Karatun labarai, ɗana, da ganin jikokina. Sai kuma in duba ko fansho ya shigo."

"To Baffa, biyun farko da sauƙi. Maganar banki kam sai mun ga shekarunta tukuna."

Ta ina intanet zai shiga?

Yawancin gidaje a nan da layin MTN, Airtel ko Glo suke samun intanet, a saka layin cikin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ko 'yar na'urar aljihu da ake kira MiFi. Laftof galibi tana kama Wi-Fi da kanta. Kwamfutar tebur kuwa sau da yawa ba ta da shi. Duba bayanta: akwai wata kafa mai kusurwa huɗu, ta ɗan fi ta tsohuwar wayar tarho faɗi. Nan ake soka kebul daga rauta. In rauta tana wani ɗaki, akwai 'yar na'ura mai kama da filash da ake sokawa a kafar USB ta kamo Wi-Fi. Ana samun ta wajen masu kayan kwamfuta a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre.

Wace Windows ce a ciki?

Nan ne maganar take da nauyi, domin Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Kunna kwamfutar, nemi hoton da aka rubuta "My Computer", "Computer" ko "This PC". Danna shi da ɓangaren dama na maus, ka zaɓi "Properties". Za ka ga sunan Windows da girman RAM. Rubuta su a takarda.

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows XP a 2001, ya daina toshe mata kafofin ɓarayi a watan Afrilun 2014. Ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Burauzar Chrome, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ta daina sabuntawa a XP tun 2016, a Windows 7 kuma a farkon 2023. Ma'anar wannan ita ce intanet zai shiga, amma shafuka da yawa za su ƙi buɗewa ko su buɗe a hargitse. Wanda ya fi wannan muni, 'yan damfara suna samun hanya cikin sauƙi. Kada a shigar da lambar sirrin banki a kwamfuta mai XP ko Windows 7, ko da kuwa shafin ya buɗe lafiya. Fanshon dattijo gumin shekara talatin da wani abu ne, bai kamata a yi ganganci da shi ba.

RAM kuwa ita ce ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita a nan take. In ka ga 1GB ko 2GB, bidiyo yana iya riƙa tsayawa komai ƙarfin sabis. 4GB za ta yi karatu da sauraro ba laifi. Mai gyara yana iya ƙara RAM, ya kuma musanya tsohon faifan ajiya da sabon samfuri mai suna SSD. Wasu masu gyaran sukan cire tsohuwar Windows su sa Linux, wadda kyauta ce kuma ana sabunta ta, sai dai Baffa zai ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane: duba kwanan wata a ƙasan allo. Kwamfutar da ta daɗe a ajiye, ƙaramin batirin agogonta yakan mutu, sai ta koma wata tsohuwar shekara. In kwanan wata ba daidai ba ne, shafuka sukan ƙi buɗewa. Batirin ɗan zagaye ne mai lamba CR2032, kuma ba shi da tsada. A sa mai gyara ya hure ƙurar hunturu da ta taru a fanka. A tuna kuma, kwamfutar tebur tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, kuma ba ta zuwa da kyamara, sai an sayo kafin jikoki su ga fuskar kakansu.

Gwada kafin ka saya

Kada ka sayi rauta tukuna. Kunna hosfot a wayarka, ka haɗa kwamfutar (in ta tebur ce marar Wi-Fi, a fara soka mata 'yar na'urar USB ɗin nan), ka buɗe shafin labarai ɗaya da bidiyo ɗaya. In sun tafi daidai, da rauta ma za su tafi. In wayar tana buɗe bidiyon nan take amma kwamfutar tana jan ƙafa, matsalar ba ta sabis ba ce. Idan XP ce mai 1GB, shawarata ita ce kada a zuba mata kuɗi, gara a tara a sayi laftof ta hannu mai ɗan ƙarfi. Amma da izinin Baffa za a yi, bayan an kwashe masa hotuna da takardunsa a filash.

Aikin gida

1. Rubuta sunan Windows da girman RAM na wata kwamfuta da ke kusa da kai.
2. Wane abu ne bai kamata a yi a kwamfuta mai Windows XP ba? Me ya sa?
3. Rubuta jimloli 3 da za ka yi wa Baffa ko Gwaggo bayani da su cikin ladabi, in kwamfutarsu ba za ta iya ba.