Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a babin motsi na fiziks, da yadda za a gyara su

Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma duk shekarar da na zauna duba takardun 'yan SS1 bayan mun gama babin motsi, kurakurai kusan iri ɗaya nake tararwa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran nan suna da ƙoƙari. Sun haddace v = u + at da s = ut + ½at² da v² = u² + 2as, suna kawo su da ka kamar karatun allo (u gudun farko ne, v gudun ƙarshe, t lokaci, s nisa, a kuma yadda gudu ke sauyawa). Wurin da suke tuntuɓe yana can baya, tun kafin su ɗauki kalkuleta: ba sa tsayawa su tambayi kansu mene ne yake motsi, ina ya dosa, kuma da wane ma'auni aka auna shi. Ga wanda ke shirin WAEC ko NECO ko JAMB, a nan maki ya fi zubewa.

Bari in fara da mafi sauƙin gyara. An ce mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki ta tsaya cikin sakan 5. Sai yaro ya rubuta u = 72, t = 5, ya raba, ya sami 14.4. Ya haɗa awa da sakan a tukunya ɗaya. Kilomita mita 1000 ce, awa kuma sakan 3600, saboda haka 72 ɗin nan mita 20 ce a sakan, kuma gudun motar yana raguwa ne da mita 4 a sakan a kowace sakan. Ka raba da 3.6 tun a layin farko, kuma ka riƙa rubuta ma'auni kusa da kowane adadi. Shi ke nan.

Matsakaicin gudu ma yana kayar da mutane da yawa. Direba ya tafi wani gari mai nisan kilomita 120 da gudun 60 a awa, ya dawo da gudun 40. Kusan duk ajin za su ce matsakaici 50 ne. Ba haka ba ne. Tafiya ta ci awa 2, dawowa ta ci awa 3, wato kilomita 240 cikin awa 5, amsa ita ce 48. Ya fi daɗewa a kan hanya yana tafiya a hankali, dole matsakaicin ya karkata can. Kullum jimillar nisa za ka raba da jimillar lokaci. Haka nan a kula da bambancin nisan da ƙafa ta taka da kuma displesmen, wato miƙaƙƙiyar tazara daga inda aka taso zuwa inda aka tsaya, tare da alƙiblarta. Yarinyar da ta yi mita 300 gabas sannan ta yi mita 400 arewa ta taka mita 700, amma tsakaninta da ƙofar gidansu mita 500 ce. Wanda ya zagaye filin tsere mai mita 400 ya dawo inda ya fara, ya yi gumi, amma displesmen ɗinsa sifili ne, belositinsa na matsakaici, wato displesmen da aka raba da lokaci, shi ma sifili.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda nake ganin shi ne uwar sauran. Kowannenmu ya tashi yana ganin ɗan garuwa yana tura kura cike da jarkoki. Muddin yana turawa tana tafiya, da ya saki sai ta tsaya. Daga nan zuciya ta yanke hukunci cewa abu ba ya motsi sai ana tura shi. Wannan ba wauta ba ce. Masanin nan na Girka, Aristotil, haka ya fahimta, kuma an yi kusan shekara dubu biyu ana bin ra'ayinsa kafin Galileo ya fara rushe shi da gwajin gangaro ƙwallo a kan karkataccen katako, sannan Isaac Newton ya tsara dokokinsa uku a 1687. Gaskiyar magana, kurar ba don an daina tura ta take tsayawa ba. Gogayyar taya da ƙasa da ta sandar da tayar ke juyawa a kanta ce ke tsayar da ita. Da za a cire gogayyar nan baki ɗaya, turi ɗaya ya isa ta yi ta tafiya.

Nakan gwada ajina da wannan tambaya: mota tana tafiya a miƙaƙƙen titi da gudun kilomita 80 a awa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa, nawa ne jimillar ƙarfin da ke kanta? Idan na ce sifili, sai hannuwa su tashi. "Malam, to injin fa? Ai yana aiki." Yana aiki mana. Amma abin da yake bayarwa daidai yake da abin da gogayya da iska ke ƙwacewa, sai suka share juna. Jimillar ƙarfi ba ita ke kawo gudu ba, sauyin gudu take kawowa, shi ne akselareshan, kuma abin da F = ma ke faɗi ke nan (F jimillar ƙarfi ce, m mas ne, wato yawan abin da ke jikin abu, a kuma akselareshan). Duk wanda ya taɓa shiga adaidaita sahu ya san wannan a jikinsa. Direba ya taka birki ba zato, goshinka ya nufi ƙarfen da ke bayansa. Wa ya tura ka? Babu kowa. Keken ne ya tsaya, kai kuwa jikinka ya ci gaba da tafiyar da yake yi.

Daga wannan kuskure ne na dutsen da aka jefa sama yake fitowa. An cilla dutse sama da gudun mita 20 a sakan. Idan na ce a zana ƙarfin da ke kansa yana cikin hawa, da yawa sukan zana kibiya mai kallon sama su ce ƙarfin hannu ne. Hannu ya gama aikinsa tun lokacin da dutsen ya bar tafin. Idan an ajiye batun iska, abu ɗaya ne ya rage, jan da ƙasa ke yi masa, kuma ƙasa yake kallo, ko dutsen na hawa ko yana saukowa. (Wasu na kiran wannan ja maganaɗisun ƙasa. Ni ba na son sunan a aji, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa yana jan itace da ruwa da mutum.) Idan ka ɗauki sama a matsayin alamar ƙari, to akselareshan ɗin da wannan ja ke kawowa shi ne a = −10. Ka rubuta +10, lissafinka zai nuna dutse yana ƙara gudu yana hawa, abin da ba a taɓa gani ba. Da alamar daidai: 0 = 20 − 10t, wato sakan 2 zai yi yana hawa, ya kai tsayin mita 20. A can ƙololuwa kuma gudunsa ne sifili na ɗan ƙiftawar ido, akselareshan yana nan 10 yadda yake. Da shi ma ya zama sifili, da dutsen ya rataye a sama. Ainihin adadin kusan 9.8 ne, amma takardun jarrabawa sukan ce a ɗauki 10. Ka duba abin da tambayar ta ba ka.

Sai batun cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa. Wannan ba na yin gardama a kansa, nunawa nake yi. Nakan yago takarda in ɗauki littafi, in sake su tare. Littafin ya faɗi tim, takardar ta yi ta shawagi. Sai in ɗora takardar a saman littafin in sake saki. Tare suke isa ƙasa, domin littafin ya kare ta daga iska. Ajin yakan yi tsit na ɗan lokaci, sannan kowa ya fara yago takarda. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya.

Harshenmu ma yana da hannu a wani kuskuren. Da Hausa nauyi kawai muke cewa, fiziks kuwa ya raba abu biyu. Mas shi ne yawan abin da ke jikin abu, ana auna shi da kilogiram, ba ya canzawa. Nauyi kuma ƙarfi ne, jan da ƙasa ke yi wa abin, ana auna shi da niyutan. Buhun siminti mas ɗinsa kilogiram 50, nauyinsa niyutan 500. A kai shi wata, mas na nan 50, nauyi ya koma wajen niyutan 80. A cikin F = ma, 50 za ka saka, ba 500 ba.

Dokar Newton ta uku, wadda ta ce idan abu ya ja wani ko ya tura shi, wancan ma zai mayar masa da ƙarfi daidai ta ɓangaren da ya saɓa, kowa ya haddace ta, kaɗan ne suka gane ta. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, idan jaki ya ja amalanke, amalanke ma ta ja shi baya da ƙarfi daidai, ai bai kamata su motsa ba. Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Amsar ita ce ƙarfin nan biyu ba a kan abu ɗaya suke ba: ɗaya a kan amalanke, ɗaya a kan jaki, don haka ba sa share juna. In kana son sanin ko amalanke za ta motsa, ƙarfin da ke kanta kaɗai za ka duba, jan jaki da gogayyar tayoyinta. Shi kuma jakin, kofatonsa na danna ƙasa baya, ƙasa na tura shi gaba. Shi ya sa a cikin taɓo, inda kofato ke zamewa, tafiyar ke gagara.

A wajen giraf kuwa, ka karanta abin da aka rubuta a gefe kafin ka kalli layin. Layin da ya kwanta a giraf na nisa da lokaci yana nufin abu ya tsaya. Irinsa a giraf na gudu da lokaci yana nufin yana tafiya da gudu ɗaya. A wannan na biyun, karkatar layi ita ce akselareshan, filin da ke ƙarƙashin layi kuma shi ne nisan da aka yi.

In ka gama lissafi, ka dubi amsarka da idon mutumin da ke tafiya a titi. Na sha ganin an rubuta cewa yaro yana gudun mita 200 a sakan. Usain Bolt, a ranar da ya kafa tarihi a Balin a 2009, ya yi mita 100 cikin sakan 9.58, wato ɗan abin da ya haura mita 10 a sakan. Amsa irin waccan ta isa ta mayar da kai layin farko.

Kuskuren da na fi dagewa a kansa shi ne na birki, saboda makarantarmu a bakin titi take. Ɗalibai sukan ce idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ma biyu za ta ninka. Ɗauki v² = u² + 2as, birki yana rage mita 5 a sakan a kowace sakan. Mota mai gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan, za ta tsaya a mita 10. Mai gudun 72, wato mita 20 a sakan, sai ta yi mita 40, ninki huɗu, domin u ɗin sau kansa ake yi. Kuma wannan bayan ƙafar direba ta riga ta hau birki ne. Kafin ya ankara ya taka, sakan ɗaya kacal a gudun 72 ya cinye wasu mita 20. Nakan fitar da ajin fili mu auna mita 10 da mita 40 da igiya, a tsayar da yaro ɗaya a kowace alama, sauran su tsaya inda motar ta fara taka birki su duba.