Yadda talakan manomi yake gina ɗakin ƙasa a Nebraska a ƙarni na 19

A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ke ba magidanci eka 160 a yammacin Amurka, da sharaɗin ya zauna a wurin yana noma har shekara biyar. To amma filayen Nebraska, ɗaya daga cikin yankunan da aka raba, fetal suke, itace sai a bakin rafi. Ga iyali a keken shanu, ga sanyi na tafe, kuɗin katako kuma babu. Sai mutum ya yi gini da abin da yake takawa.

Da farko a nemi wurin da ciyawa ta yi kauri, saiwoyinta sun sarƙe ƙasa tam. Saiwar ita ce siminti. A jira ƙasa ta yi laima, a yanke ciyawar ƙasa-ƙasa, sannan a sa garmar shanu ta feɗe saman a dogon layi, faɗin ƙafa ɗaya, kaurin kamar inci huɗu. Da shebur ake datsa shi gunduwa-gunduwa. Kada a yanka fiye da abin da za a jera a ranar, don in ya bushe marmashewa yake yi.

Wajen jeri a kifa kowace gunduwa, ciyawa na kallon ƙasa, layi biyu ko uku gefe da gefe, ana goce gaɓoɓi kamar ginin tubali. Bayan sahu uku ko huɗu a gitta ɗaya don ya ɗaure bangon. Saman taga a bar sarari a cusa tsumma ko ciyawa, domin ginin zai zauna, in ba haka ba gilashin da aka saya da guminsa ya fashe.

Rufi ne wahalar. Doguwar azara a tsakiya, rassa a kanta, busasshiyar ciyawa, sannan wata ƙasar. Bangon dai ba laifi, da ɗumi lokacin ƙanƙara, da sanyi lokacin zafi, wuta ma ba ta cinsa. Rufin kuwa, Allah Ya kyauta. Matar gida kan ɗaura akoko a ƙarƙashinsa don kada ƙasa, ɓera ko maciji su faɗo cikin tukunya. Makamashinta busasshen kashin shanu ne da yara ke tsintowa. In an yi ruwa mai ƙarfi, sama ta washe a waje amma ɗakin ya yi ta yoyo har kwana biyu, wata ma da laima a hannu take girki.