Yadda Za a Fara Wasan Yaƙin Kan Tebur a Zariya da Kayan Gida

Wasan yaƙin kan tebur wasa ne da mutum biyu suke jera ƙananan mayaƙa a fili mai duwatsu da kangaye da itatuwa, su riƙa motsa su bisa awo, suna jefa dayis, wato ƙwayar ludo mai lambobi, domin sanin wanda ya yi galaba a kowace arangama. Nau'in da ya shafe mu a nan shi ne na duniyar tatsuniya, inda barade suke gwabzawa da dodanni. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1983, sai dai kuɗin kayansa da na dakonsu zuwa Zariya sun isa su kashe wa mai sha'awa gwiwa. Ƙananan masu wallafa kuwa, yawancinsu dokoki kawai suke sayarwa a takardar PDF, kuma sun yarda mutum ya yi wasa da duk irin mayaƙan da ya samu, don haka ta wajensu ya kamata a shiga.

Da farko a zaɓi dokoki guda ɗaya a tsaya a kansu. One Page Rules suna bayar da ainihin dokokin wasansu Age of Fantasy kyauta a intanet, kuma wannan ya dace da wanda ba shi da katin banki mai biyan kuɗin waje. Amma a ganina wanda ya fi dacewa da sabon shiga shi ne Song of Blades and Heroes, wanda wani ɗan Italiya, Andrea Sfiligoi, ya wallafa a 2007 a ƙarƙashin Ganesha Games, domin kowane ɓangare bai cika wuce mayaƙa goma ba, kuma dayis mai fuska shida yake buƙata, irin na ludo da ake samu a kasuwar Sabon Gari. Dokokin da Turanci suke, saboda haka ya wadatar mutum ɗaya ya karanta su da kyau, ya koya wa sauran da baki a lokacin da ake wasan.

Fili mai faɗin santimita 90 da tsawon santimita 90 ya isa, kuma kowane kafinta zai yanka falankin da ya kai haka. Song of Blades and Heroes ba ya buƙatar tef ɗin awo, domin da sanduna uku ake auna tafiya da nisan harbi: gajera mai santimita 7.5, matsakaiciya mai santimita 12, da doguwa mai santimita 18. Tsinken tsire da aka wanke aka yanka daidai waɗannan tsayin ya biya buƙata, sai a shafa wa kowanne launi dabam don kada a riƙa ruɗewa.

Mayaƙan kuma ana iya buga hotunansu a kati mai kauri a shagunan buga takardu na Samaru, tsayin kowanne kimanin milimita 28, a ninke katin gida biyu, a kafa shi a cikin marfin kwalbar lemo. A cika marfin da laka ko ɗan sumunti tukuna, in ba haka ba iskar fanka kaɗai za ta kwantar da runduna guda. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar mutum ba, zai iya rubuta sunan mayaƙi da lambobinsa na ƙwarewa da faɗa a kan marfin kawai, wasan ba zai ragu da komai ba. Haka nan ba a sa kuɗi a wannan wasa, kuma yana da kyau a bayyana wa manya hakan tun da wuri, domin ƙarar dayis takan sa a yi zaton caca ce.

Inda ya cancanci a ɓata lokaci shi ne shirya filin, saboda idan aka bar shi fayau, masu baka za su gama da kowa kafin a kai ga haɗuwa gaba da gaba. Ba sai an kwaikwayi gidajen sarakunan Turai ba, tun da ga ganuwar Zazzau da ƙofofinta abin koyi: a yanka kwalin taliya, a lulluɓe shi da jar ƙasa da aka kwaɓa da gam ɗin kafinta, a bar masa ƙofar da mayaƙi ɗaya kaɗai zai iya wucewa. Duwatsu uku ko huɗu masu girman dunƙulen hannu za su tsaya a matsayin dutsen Kufena, soson wanka da aka rina kore aka soke a tsinke kuma ya zama itace.

Kowane mayaƙi yana da lambobi biyu, ta ƙwarewa da ta faɗa, kuma daɗin wasan yana cikin ta farkon. Idan mutum yana son mayaƙinsa ya motsa, shi zai zaɓi ya jefa dayis ɗaya, biyu ko uku, kuma duk dayis ɗin da ya kai lambar ƙwarewa ko ya wuce ta yana ba shi aiki ɗaya, kamar tafiya, sara ko harbi. Idan dayis biyu suka gaza a jifa ɗaya, mayaƙin zai yi aikin da ya samu, in akwai, daga nan wasa ya koma hannun abokin karawa, ko da sauran rundunar ba ta motsa ba. Mayaƙi mai ƙwarewa 4 da aka jefa masa dayis uku, rabi da rabi ne zai jawo wannan asara, alhali mai ƙwarewa 3 sau 7 ne kawai cikin 27. Saboda haka dabara ita ce a fara da waɗanda dayis ɗaya ya ishe su, tun da shi ba ya taɓa miƙa wasa, a bar kasadar dayis uku zuwa ƙarshe. Sababbin shiga sukan yi akasin haka don zumuɗi, sai a ga jarumi ɗaya ya tsinci kansa shi kaɗai a tsakiyar maƙiya.

A wajen faɗa kowa yana jefa dayis ɗaya ya haɗa da lambar faɗan mayaƙinsa. Wanda aka fi da kaɗan yakan ja baya ko ya faɗi ƙasa, wanda aka ninka kuwa ya mutu, kuma wanda yake kwance ya fi saurin halaka, shi ya sa ya fi kyau a taru wa maƙiyi ɗaya da mayaƙa biyu ko uku.

Kowane mayaƙi yana da darajarsa a maki, runduna kuwa takan kasance ta jimlar maki 300, kuma dokokin sun ba da hanyar lissafa makin sabon mayaƙi. Da wannan lissafi za a iya gina rundunar 'yan lifida da 'yan baka a gefe ɗaya, a ba ɗaya gefen Dodo da kurayensa. A karon farko dai a rage makin zuwa rabi, a ajiye dokokin sihiri gefe, sai kowa ya saba da jifan ƙwarewa sannan a shigo da su ɗaya bayan ɗaya.