Yadda Ake Kafa Rektifayar Bolt 48 a Turken Sadarwa, da Yadda Ake Kula da Ita

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin ƙarfen da ke gindin turken sadarwa ya ga wasu 'yan na'urori a jere, kowacce da fankarta da 'yar koriyar fitila, ana zura su kamar aljihun tebur. Su ake kira rektifaya. Aikinsu shi ne su karɓi wutar NEPA ko ta janareta, wato AC, su mayar da ita DC mai bolt 48, irin wadda batir ke bayarwa, domin da ita rediyoyin saman turke da na'urorin ƙasa suke aiki. Da gangan aka yi su guntu-guntu: in ɗaya ta mutu, sauran su ɗauki kayanta, kai kuma ka zare ta ka zura sabuwa ba tare da sabis ya ɗauke ba. Huawei da Eltek da Vertiv da Delta da ZTE duk suna ƙera irinsu, kuma tsarin kusan ɗaya ne. Abin da ke kashe tasha a ƙasarmu ba kasafai rektifayar ba ce. Zafi ne, da ƙura, da notin da ba a ɗaure da kyau ba, da saitin da aka bari yadda ya zo daga kamfani.

Fara da lissafi kafin ka taɓa sufana

Ka tara wutar da duk na'urorin tashar za su ja. A ce ta kai amfiya 60. Sannan ka duba batura. A wannan tsarin batura huɗu masu bolt 12 ake haɗawa kai da gindi su ba da bolt 48, wannan shi ne jeri ɗaya. In kana da jeri biyu na masu 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), kana da 400Ah ke nan. Batirin dalma ana cajinsa da kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amfiya 40 a nan. Ka haɗa 60 da 40, ya zama 100. Rektifaya mai wat 3000, kamar R4850G2 ta Huawei ko Flatpack2 ta Eltek, ka ƙidaya ta a amfiya 50. Biyu sun isa ke nan, sai ka ƙara ta uku ta jiran ko-ta-kwana. Wannan ƙarin guda ɗaya shi ne ake rubutawa N+1, kuma shi ne duk hikimar tsarin. Wanda ya cire shi don rage kuɗi ya sayi mota ya bar safaya.

Mutane kan manta da kason caji. Sai an ɗauke wuta na awa biyar, an dawo da ita, batura suna jin yunwa, na'urori ma suna ja, sannan a gane rektifayar ba ta isa ba. In tashar a Sakkwato take ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka, ni nakan ƙara ta huɗu, saboda rektifaya na rage ƙarfinta da kanta idan ta yi zafi.

Wayar ƙasa ce farko

Kafin wayar wuta ko ɗaya ta shiga akwatin, ka haɗa jikinsa da wayar ƙasa, wadda masu aiki ke kira atin. Turke dogon ƙarfe ne a fili, aradu na sonsa. Ka auna juriyar ƙasar da mitarta; yawancin masu turaku suna neman ƙasa da om 5. Awon da ka yi da damina zai yi maka daɗin baki, na rani shi ne gaskiya, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Ka kuma tabbatar na'urar kare tsawa tana bakin shigar AC, kuma wayarta zuwa ƙasa gajera ce, ba ta da lanƙwasa mai yawa.

A nan ne wanda ya saba da wutar mota ko sola yake ruɗewa. A tsarin sadarwa, fozitif ne ake haɗawa da ƙasa, ba negatif ba. Shi ya sa ake rubuta -48. Al'ada ce tun zamanin tarho mai waya, an gano cewa hakan na rage cinyewar jan ƙarfe a wayoyin da ke binne cikin damshi. Ma'anarsa a wurinka ita ce, negatif ne mai rai, a kansa bireka da fis suke zama. Kada kuma ka yarda da launin waya. A kayan wasu kamfanoni shuɗiya ce negatif, baƙa ce fozitif, ga wanda ya saba cewa baƙa negatif ce kuwa, tarko ne a shimfiɗe. Mita ce kawai ba ta ƙarya.

Shigar da wayoyi

Duk bireka a kashe, rektifayoyi suna cikin kwalinsu tukuna. Ka jawo AC. In layi uku ne, ka raba rektifayoyin daidai a kan layukan, kada ka jibga wa ɗaya. Ka ɗaure nutural da kyau, domin in ta kwance a tsarin layi uku, abin da aka yi don bolt 230 zai iya samun kansa a kusa da 400.

Wayar DC kuma kauri take so. Ga misali: amfiya 100, tazarar mita 5 tsakanin batura da akwati, zuwa da dawowa mita 10 ke nan. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 35mm² za ta zubar da kusan rabin bolt a hanya. Mai 16mm² za ta zubar da fiye da bolt ɗaya, ga ɗumi. A wutar bolt 230 wannan ba komai ba ne, amma a nan bambancin batir cikakke da wanda ake shirin yankewa bai wuce bolt 10 ba. Jeri biyun kuma wayoyinsu su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, in ba haka ba mai gajerar waya zai riƙa ɗaukar wahalar ɗan'uwansa har ya riga shi mutuwa. Bakin kowace waya a matse masa log, wato ƙarfen bakin waya mai huda da ake ɗaurewa da noti, da filayar matsa log. Na sha ganin wanda aka daddaka da guduma a kan dutse, daga baya ka tarar robar wurin ta yi baƙi.

Batura

Cire zobe, cire agogo. Sufanarka ta zama mai riga, in ba ka da ita ka naɗe ta da tef, ka bar baki kawai. Bolt 48 ba ya cika jan mutum, wannan ne ke sa sakaci, amma jerin batura masu 200Ah in aka haɗa bakinsu biyu da ƙarfe, dubban amfiya ne za su bi. Na taɓa ganin sufana ta zame daga hannun wani abokin aikina ta kwanta tsakanin kan batir da jikin ragar ƙarfe. Kafin ya ce innalillahi bakinta ya narke, Allah ya taimake shi fuskarsa na gefe.

Ka auna kowane batir kafin ka ɗora shi. Cikakken batirin dalma da ya huta yana nuna wajen bolt 12.8. In ka ga wanda ya sauka sosai ƙasa da 'yan'uwansa, ya daɗe a sito ke nan, a yi masa caji shi kaɗai kafin ya shiga jeri. Ka bar 'yar tazara tsakanin batir da batir don iska ta ratsa. Ka haɗa su da birekar batir a kashe, ka bar mahaɗi guda a tsakiya ya zama na ƙarshe. Ɗaurin noti kuma akwai awonsa a takardar batirin, a yi shi da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. In ya yi sako-sako zai yi zafi, in ka murɗe fiye da kima za ka fasa gindin kan batirin. Ma'aunin zafin batura, wanda ake daidaita caji da shi, ka manna shi a gefen batirin da ke tsakiyar jeri, ba a jikin ƙofa ba.

Kunnawa

Ka ba da AC, ka auna kowane layi da nutural kafin komai. In sun yi daidai, ka zura rektifaya guda ɗaya, ka jira fitilarta ta yi kore, kwanturola, wato na'urar da ke sarrafa rektifayoyin, ta farka. Ka auna abin da ke fita, ka tabbatar fozitif da negatif suna inda ya kamata. Sannan ka zura sauran ɗaya bayan ɗaya. Ramin da ba kowa a ciki a rufe shi da murfinsa, don in an bar shi a buɗe iskar fanka na gajarce hanya, kuma ƙadangaru da ɓeraye sun samu ɗaki.

Kafin ka rufe birekar batir, ka auna ɓangarorinta biyu. Alamar fozitif ko negatif ta zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu, bambancin kuma kada ya kai bolt ɗaya. In batura na nuna 51, rektifaya na ba da 54, ka sauko da rektifayar daga kwanturola zuwa kusa da 51, ka rufe, sannan ka mayar. Bayan haka ka kunna na'urorin tashar bireka bayan bireka.

Saiti, inda aikin yake

Jerin bolt 48 na dalma ƙwayoyi 24 ne, wato ƙananan ɗakunan da ke cikin baturan, kowacce bolt 2. Cajin riƙo, wanda batir ke zaune a kansa kullum, yana wajen 2.25 a kowace ƙwaya, wato bolt 54. Cajin ƙarfafawa, bayan batir ya sha aiki, yana wajen 2.35, wato 56.4. Waɗannan lambobin na digiri 25 ne, kuma in takardar batirinka ta faɗi wani abu daban, ita za ka bi.

Digiri 25 kuwa a ɗakin batir na Arewa sai da hunturu. Don haka ka kunna saitin da ke daidaita caji da zafi. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita: a rage milibolt 3 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt) a kowace ƙwaya ga kowane digiri da ya hau, wato milibolt 72 ga jerin gaba ɗaya. A digiri 35 cajin riƙo zai sauko zuwa wajen 53.3. In ba ka yi haka ba, batir mai zafi yana ƙara jan wuta, jan wutar na ƙara masa zafi, haka za su yi ta ingiza juna har ya kumbura kamar burodi. Ko da saitin daidai, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma kusan gida biyu. Batirin da aka rubuta masa shekara 10 a takarda, in ya ƙare a uku, kafin a zagi mai sayarwa a duba inda aka ajiye shi.

Ka shigar da girman batura na gaskiya, 400Ah a misalinmu, ka ƙayyade wutar caji a amfiya 40. Wannan na taimakon janareta ma, don kada ya tashi a ɗora masa kaya gaba ɗaya ya shaƙe. Sai matakan yankewa guda biyu. Na farko, LLVD, yana sauke na'urorin da ba su zama dole ba idan wuta ta yi ƙasa, ana sa shi tsakanin bolt 44 da 46 gwargwadon tsarin mai tashar. Na biyu, BLVD, yana raba batura da komai a wajen 43.2, wato 1.8 a kowace ƙwaya, don kada a tatse su har su lalace. Na'urar da ke haɗa tashar da sauran tashoshi a ɓangaren da ake yankewa a ƙarshe take zama, domin in ta mutu, ta tafi da duk turakun da ke bayanta.

In baturan litiyam ne, lissafin ya canza. Akwai masu ƙwaya 15 da masu 16, kuma wutar cajinsu ba ɗaya ba ce. A kashe cajin ƙarfafawa da daidaitawar zafi, a bi lambar mai ƙera su.

Kafin ka bar wurin ka gwada. Kashe AC, ka ga batura sun ɗauka ba ƙiftawa, alam ɗin ɗaukewar wuta ya isa ofishin masu sa ido. Mayar da wuta, ka zare rektifaya guda, ka ga sauran sun raba kayan daidai.

Kulawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Matatar iskar ƙofa da ake dubawa duk wata uku a damina, a hunturu duk wata take so. Ka zare rektifaya ɗaya, ka bar ta 'yan mintoci wutar cikinta ta sauka, ka fitar da ita waje ka hure ta da abin hura iska, ka mayar, sannan ka zare ta gaba. Kada ka hura a cikin akwati, ƙurar wannan za ta koma cikin waccan. Ka saurari fanka, mai gurnani ta kusa tsayawa.

A kowace ziyara ka auna batura ɗaya-ɗaya suna kan cajin riƙo. Kowanne zai nuna wajen 13.5. Wanda ya kauce wa 'yan'uwansa da kusan rabin bolt, ka sa masa alama, ka rubuta. Amma awon riƙo ba ya tona asirin batir mai rauni, sai an ɗora masa kaya. Aƙalla sau ɗaya a shekara ka sauke wutar rektifaya ka bar batura su riƙe tashar, kana aunawa duk minti 15, mai ciwo zai zube ya bar sauran. In jeri ya tsufa a canza shi gaba ɗaya. Sabon batir guda a cikin tsofaffi uku ba ya gyara su, su ne za su tsofar da shi.

Ka bi kan batura da sandunan jan ƙarfe da ma'aunin zafi na nesa yayin da kaya ke kai. Notin da ya fi maƙwabtansa zafi ya saki. Bayan kowane ruwa mai tsawa ka leƙa 'yar tagar na'urar kare tsawa, in koren ya koma ja ta gama aikinta, a canza.

Ranar da rektifaya ta nuna jar fitila, ka fara duba birekarta ta AC, sannan ka zare ta ka gwada ta a wani ramin, don wani lokaci ramin ne ke da laifi. In ita ce, ka zura sabuwa har ƙugiyarta ta kama, ka jira kwanturola ta gane ta. Wasu kwanturololin suna ci gaba da kukan ta ɓata ko da sabuwar na aiki, sai ka shiga ka sa su sake ƙidaya rektifayoyin da ke nan, alam ɗin ya goge. Ka rubuta lambar wadda ka cire da ta wadda ka saka da kwanan wata a littafin tashar, ita kuma matacciyar ka manna mata takarda da bayanin abin da ta yi kafin ka kai ta sito, kada wani ya ɗauko ta gobe a matsayin safaya.