Yadda ake saƙa raga a kan ƙwallo da firosesa da yawa

Idan za ka lissafa iska ko ruwan teku a duk faɗin duniya, sai ka yanka fatar duniyar zuwa ƙananan gidaje kamar raga, amma kada ka fara da layukan latitud da longitud. Layukan longitud suna cunkushewa a ƙuryar arewa da ta kudu, gidajen ragar su tsuke, dole ka rage tsawon lokacin da kake tsallakawa a kowane mataki na lissafi. Ni da ikosahedaron nake farawa: fuska 20 masu siffar alwatika, kusurwa 12, gefe 30. Irin wannan raga ce ke ƙarƙashin ICON, tsarin da hukumar yanayi ta Jamus ke hasashe da shi tun 2015.

Raba kowace alwatika gida huɗu ta hanyar sa ɗigo a tsakiyar kowane gefe, sannan ka raba lambobin matsayin ɗigon da nisansa daga cibiyar ƙwallon don ya hau fatar ƙwallon. Maimaita. A zagaye na 5 kana da alwatika 20,480 da ɗigo 10,242. A na 10 ɗigon ya haura miliyan goma, kuma nan ne firosesa ɗaya, wato ɓangaren kwamfuta mai yin lissafi, ke fara nishi.

Rabon aikin ba wuya, kowace firosesa ta ɗauki yankinta. Matsalar tana kan iyaka. Karon farko na bar kowace firosesa ta lissafa ɗigon iyakarta, daga baya na ce duk biyun da suka zo daidai a haɗe su. Ashe lambobin sun saɓa a can ƙarshen desimal, ragar ta fito da tsaga siririya kamar ɗinkin da ya warware. Kwana biyu ina nemanta.

To, ga dabarar. Haɗa fuskokin bibbiyu su zama yanki 10. Kowane yanki ya mallaki cikinsa da gefe biyu daga cikin huɗu, sauran biyun na maƙwabta ne. Idan an yanka kowane gefe gida n, kowane yanki yana da ɗigo n sau n, sai kusurwoyi biyu da suka rage, na arewa da na kudu, a ajiye su daban. Lambar kowane ɗigo tana fitowa ne daga lambar yanki da layi da matsayinsa a layin, babu wanda zai tambayi wani, babu saƙon MPI (hanyar da firosesa ke aika wa juna saƙo) ko ɗaya.

Gidajen ba za su zo girma ɗaya ba, musamman kusa da kusurwoyi 12 na asali. In hakan ya dame ka, bi ta kansu da hanyar Lloyd, wato a yi ta matsar da kowane ɗigo zuwa tsakiyar yankin da ke kewaye da shi, amma a nan sai maƙwabta sun yi musayar ɗigon iyaka a kowane zagaye.